Sulle Mai Fassara da Sitikar Bikin Khaula

Sulle bai san kalmar Indiyanci ko ɗaya ba, amma shekara goma sha ɗaya ya yi yana fassara finafinan Indiya a Karaye, kuma ba a taɓa kama shi ba. To wa zai kama shi? Rumfar langa-langa ce da shi a bayan 'yan gyaɗa, da benci takwas, da talabijin, da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ranar kasuwa, da an sallame azahar, sai ya tsaya gefen akwatin ya shiga zuba. Jaruma za ta yi magana biyu, Sulle ya sa mata mai tsawon huɗuba. Da damina noman dawa da gyaɗa yake yi kamar kowa, sai dai ko a gonar bakinsa ba ya hutawa.

Ya lura mutanen ƙauye ba sa riƙe sunayen Indiyawa, don haka yake raɗa wa 'yan fim sunayen gida. Gudun kada ya taɓo wani ɗan gari, ba ya ɗauko suna da ka. Sitikun biki yake dubawa, irin waɗanda samari ke mannawa a jikin rumfar, ya zaɓi wadda ta koɗe, ta wani ƙauye can nesa. Shi a ganinsa wannan hikima ce babba, har yabon kansa yake yi.

Ranar da ta ɓaci, wani tsohon fim ya sa, labarin matar da mijinta ya yi doguwar tafiya, wani ya riƙa zarya gidanta, zuciyarta ta rabu tsakanin 'ya'yanta da baƙon. Sulle ya waiga jikin langa-langa, idonsa ya faɗa kan wata sitika: Lurwanu da Khaula, Ruwan Bago.

"To jama'a, ga Khaula nan an ci kwalliya," in ji shi. "Lurwanu ya tafi ci-rani, yana can yana shan rana, gida kuwa an samu mai gadi!"

Rumfa ta kwashe da dariya, ban da benci na uku. Mutanen Ruwan Bago ne a kansa, sun kawo gyaɗa kasuwa, kuma a tsakiyarsu akwai wani ƙato da bai cika sati da dawowa daga kudu ba, bayan wata bakwai. 'Yan garinsu suka juyo suna kallonsa. Wani marar hankali a cikinsu ya ƙyalƙyale.

Sulle bai ga tasowar ƙaton ba. Ƙafar benci kawai ya ji a bakinsa, ya tafi da baya ya bugi langa-langa. Ƙaton, wanda shi ne Lurwanu, ya sake ɗagawa ya sauke a kan talabijin, gilashi ya tarwatse, mutane suka yi waje suna tattaka juna. Ya dawo ya shaƙe Sulle yana buga kansa da ƙasa.

"Wa ya gaya maka? Ashe duk Karaye an sani, ni kaɗai ne jaki?"

Mutumin da magana ce sana'arsa, ranar jini da haƙora ne suka cika masa baki. Da ƙyar ƙarti huɗu suka ɓamɓare Lurwanu. Ya fizge, ya haye babur yana cewa yau sai ya ji daga bakinta.

Wani dattijon Ruwan Bago, Malam Shitu, ya sunkuya kan Sulle. "Bawan Allah, ka kashe 'yar mutane. Wannan shi ne Lurwanu. Khaula matarsa ce, 'ya'yansu uku, yarinyar da ko zaure ba ta leƙawa."

Tsoro ya kama Sulle, irin wanda bai taɓa ji ba. Aka ce a kai shi kemis, ya ƙi. Ya ɓalle sitikar daga jikin rumfa, ya hau bayan babur ɗin Malam Shitu, ya toshe baki da hularsa. Duk ramin da suka faɗa a hanyar Rogo sai ya ji kamar an sake dukansa, amma zungurar dattijon yake yi ya ƙara wuta.

Sun isa da la'asar sakaliya, sun kuwa makara. Lurwanu ya tarar da ita tana tuyar ƙuli-ƙuli, ya sa sakata, bai tambaye ta komai ba. Wai shi mai son ji daga bakinta! Mari ya rufe ta da shi, hagu da dama, sannan ya haɗa kanta da turmi. Sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Wannan ba kishi ba ne, rashin imani ne tsagwaronsa.

Tana zaune a tsakar gida jikin mahaifiyarta, jini na bin wuyanta daga kunne. Mahaifinta Malam Abdulhadi, malamin allo, yana tsaye a gefe. Sulle ya durƙusa gabansu ya miƙa sitikar.

"Malam, wallahi tallahi ban san 'yarka ba, ban taɓa ganinta ba sai yau. A jikin rumfata na karanto sunan. Ƙarya ce nake shirgawa don a yi dariya. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Aka kawo, ya yi alwala, ya dafa, ya maimaita da ƙarfi yadda na waje ma za su ji. Lurwanu ya sulale ƙasa ya ɗora hannu a ka. Mata suka shiga salati. Malam Abdulhadi ya juya ga 'yarsa.

"Kin ji, Khaula? An wanke ki."

Ta dubi mahaifinta, ta dubi baƙon mai kumburarren baki.

"Inna, me suke cewa?"

Uwar ta kai baki saitin kunnenta ta faɗa mata. Khaula ta girgiza kai, ta juyo mata da ɗaya kunnen. Uwar ta sake faɗa, wannan karon da ihu.

"Inna," in ji Khaula, "ki yi magana mana."