Tsohuwar da ta ƙi shiga

A ƙofar wani gidan abinci a birnin Dengfeng na ƙasar Sin, mai gadi ya tare Nababa, ɗan kasuwar Kano, wai baƙar fata ba ya shiga. A bayansa wata tsohuwar Baturiya ce dogare da sanda, tauraron Yahudawa na lilo a wuyanta. Ita an buɗe mata. Ta dubi ƙofar, ta dawo gefen Nababa, ruwa na zuba.

"Mama, ki shiga mana," ya ce da Turanci.

"Ina yarinya yaƙi ya koro mu ƙasar nan. Irin wannan ƙofar muka gudo wa," in ji ta.

Ƙila danginta da yawa ba su samu fitowa daga yaƙin da rai ba. Nababa ya kasa tambaya. Ita kuwa ba ta gusa ba. Mai gadi ya ja ƙofa, ya bar su cikin ruwa.