Kuncin da Yaya Ummaru ya ƙi tsagawa

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Ummaru wanzami. Ban yi boko ba, faɗa nike ana rubutawa. Duk sadda na tuna shi, ranar sunan jikata Saratu ke faɗo mini, a Tozai, cikin babban farin nan da shanu sunka riƙa faɗuwa bakin rijiya. Akwai liman, da ɗana Garba uban ɗiya, da Hajo uwarta, da Baba Nomau ƙanen mijina, da ni, sai Yaya Ummaru da zabirarsa.

An haifi yarinyar da wani kumburi ja a kuncin hagu, in ta yi kuka sai ya cika ya yi duhu. Da anka zo yi mata tsagen Gobirawa, Yaya ya danna wurin da yatsa, ya lotsa, ya saki, ya sake cika. Ina kallon hannunsa. Sai ya naɗe askarsa.

Baba Nomau ya ce, "Wanzami, tsufa ne ko tsoro? Tsaga ka fidda mugun jinin, ka yi mata shaidar gidanmu."

Yaya ya ce, "Nomau, wannan jijiyoyi ne sunka cure. In na buɗe, ba ni da abin rufewa. Na likita ne."

"To ɗiyar wa za a ce da ita, fuska ba tsage?"

"Ɗiyar mai rai."

Nomau ya rantse zai kirawo wani wanzamin daga Bafarawa.

Da Saratu ta yi ƙwari, fari bai gama sakinmu ba, Yaya ne ya raka mu babban asibiti a Sakkwato. Likitoci sunka ɗaure jijiyoyin, sunka cire curin. Da anka nemi jini, Yaya ya miƙa hannu, ga shi a rame kamar kara. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri. Aikin ya bar mata tabo daga gefen baki zuwa kunne. Yaya ya duba, ya ce, "Ga tsagen Gobir nan, Nomau, sai dai na gefe guda ne."

Yau an daina tsage, zabirarsa na rataye a ɗakina. Da zai ga yadda ake ɗaukar hoton irin wannan kumburi a waya a tura wa likita, na san zai yi tsaki, sannan ya ce a tura da wuri. Fuskoki da yawa a ƙasar Isa na ɗauke da aikin hannunsa. Wadda bai taɓa ba ita ce yanzu ke da ɗiya huɗu, tana yi masa addu'a.

Ranar sunan nan Yaya ya yi nasa, saura nawa aikin, don na san Nomau ba ya rantsuwar banza. Washegari da safe na shiga ɗakin Hajo, na ɗauki jaririyar na goya, don kada wani wanzami ya taɓa ta. Sai in za ta sha nono nike kwance ta, ina tsaye.