Inda Inna take alwala

Jiya da azahar na tarar da Inna, mahaifiyata, tsugune a garkarmu ta bayan gida da butarta. Ta wuce fangalin tumatir, ta wuce na salati, sai gindin wani fure mai ja da ya leƙa ta saman katanga. Nan take alwala, ruwan yana zuba a saiwarsa.

Bazarar bana pompo sai ya ga dama yake kawo ruwa, a bido, wato jarka, muke sayensa. Har na yanke shawarar tumɓuke furen, tunda ba a miya da shi.

Na ce, "Inna, in dai tattalin ruwa ne, ai tumatir ya fi cancanta. Me wannan yake ba ki?"

Sai da ta gama wanke ƙafa ta ce, "Lokacin babban fari, zamanin mulkin soja na farko, rijiyarmu ta Dabaga ta ƙafe, maƙwabta suka watse. Kakanka ya bar komai ya bushe ban da rumman ɗaya a bakin hanya, a gindinsa yake alwala. Mai wucewa in ya hangi kore, ya san gidan da mutane, ya tsaya ya yi sallama. Tumatir ɗinka wa ke ganinsa daga waje?"

Na leƙa waje ta saman katanga. Layinmu ma ya yi shiru, samari duk sun tafi Tchibarakaten neman zinariya.

Ban tumɓuke ba. Yau da asuba butata tana kusa da tata.

Ku fa, a gidajenku ina ruwan alwala yake zuba?