Takalmin da Baba ya aika wa mudarrib

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Yaron nan" yake ce mini, in ya ga dama ya ce "wancan". Baduku ne, yana da ɗan shago a unguwar Ammariyya. Iyayensa sun zo aikin hajji daga Kano suka zauna, shi kuwa ya riƙe al'adar Kanon da bai taɓa gani ba tamkar jiya ya baro ta.

A shekarun saba'in ƙungiyar da nake buga wa ƙwallo ta ɗauko mudarrib, wato koci, daga Romaniya. Dogo ne, yana ɗingishi. A ƙasarsu mai tsaron baya ne, ya yi wasa har gwiwarsa ta lalace, sannan ya koma koyarwa. Larabcinsa bai wuce "yalla" (mu je) da "halas" (shi ke nan) da ɗan abin da ya tsinta a kasuwa ba, amma in ya nuna maka yadda ake tare mutum ba tare da an taɓa shi ba, ba ka bukatar tafinta. Shi ya ɗauke ni daga filin rairayi na unguwar Nuzla, ya hana ni sheƙa a guje kamar an koro akuya, ya koya mini tsayawa.

Yana da doka guda: ba ya sa matashi a babban wasa sai ya gaisa da ubansa, ya ji amincewarsa da kunnensa. Nasa uban bai yarda da ƙwallo ba, har ya rasu ba su shirya ba. Da ya yanke shawarar sa ni a wasan Juma'a, sai ya ce in kai shi shago. Ni kuwa na san abin da zai faru.

Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi. Mudarrib ya shiga yabona, ina fassarawa ina jin kamar ƙasa ta tsage. Baba bai ɗago daga ɗinkinsa ba.

"Wane yaro?" in ji shi. "Ai wannan ba abin da ya iya sai cin tuwo. Baƙon ya je ya tambayi baffan yaron."

Na so in gyara maganar, amma mudarrib ya riga ya karanta fuskar. A mota ya ce, "Halas. Ba na ƙwace ɗa daga hannun ubansa." Na yi ta bayani cewa kunya ce, uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya shiga maganarsa a gaban mutane. Ya girgiza kai kawai. Ranar na ji haushinsu su biyun, taurin kai na Kano ya gamu da na Romaniya, ni ne a tsakiya.

Juma'a bayan sallah na nemi takalmin ƙwallona na rasa. Na tafi fili da silifa, na zauna a benci ina cika ina batsewa. Ana ɗumama jiki sai ga Baffa, ƙanen Baba, da ƙunshi a hammata. Ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya miƙa wa mudarrib.

"Yaya ya ce a ba ka. Ka ba wanda ka ga dama."

Takalmina ne. An sake ɗinke bakin da ya yage, an sa jar fata mai laushi a dunduniya, daidai inda yake cina. Ban taɓa gaya wa kowa yana cina ba. Mudarrib ya juya shi, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. Sannan ya durƙusa a kan wannan gwiwar tasa mai ciwo, a gaban 'yan wasa da 'yan kallo, ya sa mini takalmin, ya ɗaura mini igiya da hannunsa.

"Yalla," ya ce.

Na buga wasan har ƙarshe, kuma ba wanda ya wuce ta gefena. Na yi wasanni da yawa bayan wannan, har na koyar da wasu, amma ba wanda nake alfahari da shi kamarsa.

Da na koma gida, Baba na zaune a tsakar gida yana jiran magariba. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Na ajiye takalmin a bakin ƙofa zan shige, sai na ji yana tambayar Inna, da ƙarfin da zai isa kunnena:

"Ki tambayi yaron nan, ya daina cinsa?"