Jan Biro a Littattafan Mahaifina

Shekarar da na bar gidanmu na Ƙofar Ran na kama haya a unguwar Ɗan Iya, abin da na fara saukewa daga mota shi ne kwali biyu na littattafan marigayi mahaifina. Tsofaffin littattafan labari ne, na Hausa da na Turanci, wasu kuma fassara daga harsunan da ban sani ba. Maƙwabcina yana zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa yana kallo. Dattijo ne, tsohon mai duba makarantu. Ya yi ritaya amma bai ajiye jan bironsa ba, kullum yana soke a aljihun gaban rigarsa. Kafin sati ya zagayo ya fara aro.

Yana karatu, ba zan hana masa wannan ba. Bayan la'asar mutum huɗu ko biyar sukan taru a inuwar dalbejiyar ƙofar gidansa, shi kuwa ya gyara tabarau ya yi ta bayani. Cewa yake duk manyan marubuta, na ƙasashen sanyi ne ko na nan gida, abu ɗaya suke faɗa: ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, kwaɗayi da girman kai da butulci ke jansa, suna da tufafi kawai ake canzawa. Gaskiya ya faɗa. Abin da ban sani ba shi ne aikin da yake yi da wannan gaskiyar.

Sai da littattafan suka fara dawowa na gani. Duk inda marubuci ya kawo marowaci ko munafuki, sai ya ja layi, a gefen shafin kuma ya rubuta wanda yake ganin ya dace da shi a unguwa. Mai shagon kwanar layinmu ya fito sau uku. Ladaninmu ya fito, har da telar da ke yi wa matata ɗinki. Ya mai da littattafan mahaifina rajistar laifin maƙwabta, da kyakkyawan rubutu irin na malaman da. Na ji haushi, amma na ƙyale shi don ya isa ya haife ni.

Wata rana muna zaune, har da wani babban ma'aikaci da dattijon ya daɗe yana son burgewa, sai keke mai ƙafa uku ya tsaya. Wata tsohuwa ta sauko da ƙyar, riƙe da ƙullin daddawa da kuka. Na san ta, don a wurinta matata ke sayen kayan miya a kasuwar Muda Lawal. Yayar dattijon ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Matata ta taɓa gaya mini cewa bayan rasuwar iyayensu, da wannan daddawar ta riƙe shi har ya gama kwalejin horon malamai.

Ta yi sallama, ta kira shi da sunan da ake kiransa a gida. Ko motsawa bai yi ba. Ya nuna mata ƙaramar ƙofar gefe da bakin biro, ya ce ta shiga wajen mata. Da baƙon ya tambaya ko wace ce, sai ya ce, "Wata baiwar Allah ce daga tsohuwar unguwarmu, muna ɗan taimaka mata."

Ta ji. Ta ɗan tsaya, ta gyara mayafi, ta wuce. Shi kuma ya ci gaba da bayaninsa daga inda ya tsaya, a kan butulci.

Washegari ya dawo mini da littattafai uku. A cikin kowannensu akwai mutumin da ya sami ɗaukaka ya koma jin kunyar waɗanda suka raine shi, don haka na buɗe in ga me ya rubuta a wurin. Na zaci zan tarar da gefen shafin babu komai, ko don kunya. Ashe na yi masa zaton alherin da bai kai ba. Ya ja layi biyu, ya rubuta: "Ɗan mai littafin nan. Ya bar uwarsa a cikin gari ya dawo unguwar ma'aikata." Ni ke nan, ni da nake biyawa in gaishe ta kowace safiya kafin in wuce ofis.

Na ɗauki littafin na same shi shi kaɗai. Na ce, "Baba, na ga an sa ni a ciki. To abin da ya faru jiya da yayarka fa, a wane shafi za mu rubuta shi?"

Ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ce matsalar 'yan zamani ita ce ba sa iya bambanta adabi da maganar cikin gida, kuma shi ba ya tattauna iyalinsa a bakin titi.

Daga ranar ban sake ba shi aro ba, shi kuma ya shiga gaya wa majalisarsa cewa ni mai rowar ilimi ne. Na gwada goge rubutun, takardar ta fara yagewa, na haƙura. Da matata ta ja tsohuwar da maganar a kasuwa, cewa ta yi wai ƙaninta mutum ne mai yawan karatu, kada a ga laifinsa. Ta ƙara mata daddawa biyu gyara, ta juya wajen wata mai saye.