Na Je Riyad Na Ɗauko Muryar Binta

Kaduna zuwa Jidda

Tun kafin kiran assalatu muka bar Kaduna, ni da yayana Injiniya Sabo, wanda ya samo mini bizar ziyara. A 1986 ne, lokacin ina gabatar da shirin mata a rediyo. Na ɗauki rikoda da kaset, don in naɗo yadda matanmu ke zaune a Saudiyya. Bayan Zariya 'yan sanda suka leƙa but ɗin mota, suka ce mu wuce. Da la'asar jirgi ya tashi daga Kano. A Jidda na saka abaya, muka canza jirgi.

Riyad

Yaya yana zaune a Al-Sulay, unguwar sito-sito da gareji. Matarsa ta tarbe ni da shinkafa kabsa. Washegari ya kai ni Al-Murabba wurin Binta, wadda muka yi sakandare tare. A aji kullum ni ce a gabanta. Yanzu nas ce a wani asibiti.

Tun daga ƙofa ƙyashi ya kama ni. Ga sanyin na'ura, ga kafet, ga ta da makullin gidanta ita kaɗai. Na ce a raina, ai kuɗi ne kawai.

Ashe ba kuɗi kaɗai ba ne. Ranar Alhamis baƙaƙen mata ma'aikatan asibitin suka taru a falonta: 'yan Sudan, 'yan Najeriya, da wata Ba'amurkiya mai suna Sista Amina. Na kunna rikoda na fara jawabi da Turanci kan 'yancin mata. Sista Amina ta katse ni.

"'Yancin waɗanne mata? Shugabarmu Baturiya ce, kullum bakinta 'yancin mata. Amma da wani majinyaci ya ce baƙin hannu ba zai taɓa shi ba, ita ta kwashe mu daga ɗakin jinyar manyan mutane. Tambayi Binta."

Binta ta sunkuyar da kai. "Ba wani abu na yi ba. Na je wurin mudir, shugaban asibitin, na ce ko a mayar da mu, ko ga iƙamata, takardar izinin zama, in koma gida."

"Ke kaɗai?" na tambaya.

"Da likitocinmu maza biyu. Mu faɗanmu ba da mazanmu ba ne, tare ake raina mu."

An mayar da su bayan dogon ja-in-ja, ko da yake albashinsu bai kamo na Turawa ba. Matan nan sai kallon Binta suke yi kamar uwarsu. Ni da na shekara da shekaru ina magana a rediyo, ban tuna mace ɗaya da ta taɓa yi mini irin wannan kallo ba. Shayin da aka kawo mini ma kasa sha na yi.

Dir'iyya

Ranar Juma'a Yaya ya kai mu, ni da Binta, Dir'iyya a wajen Riyad, ganin tsofaffin gine-ginen ƙasa. Ina tafe can baya ni kaɗai.

Binta ta ce, "Ladi, na ɓata miki ne?"

Na ce, "A'a. Zafi ne."

Ta riƙe hannuna. "Daren da zan je wurin mudir, ke na tuna, yadda kike tsayawa a muhawara." Maimakon in ji daɗi, sai abin ya ƙara ci na.

Komawa gida

A jirgi na yi ta tunanin in ce kaset ɗin ya lalace. Na sauka Kano, na hau tasi zuwa Kaduna, ban yanke shawara ba. Ranar shiri na saka shi gaba ɗaya, ban yanke ko kalma ba.

Shirina bai taɓa samun karɓuwa irin ta makon nan ba. A kasuwa mata suna tare ni, kowacce da tambaya ɗaya: yaushe Binta za ta dawo? Har Inna da ta haife ni ta ce, "Yarinyar nan akwai zuciya."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yaya da iyalinsa. Binta ma na gode mata, duk da har yau in an ambaci sunanta sai na haɗiyi yawu kafin in ce ƙawata ce.