Dariyar Hamma a Gidan Bidiyo

Har yau in na ji an ce za a tura wani ya yi bincike kafin a ba mutum aure, sai na ji raina ya ɓaci. Ba binciken nake ƙi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin mutanen da ake turawa, masu ido a buɗe da kai a toshe.

Yayana, wanda duk gidanmu muke ce wa Hamma, ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da hannayensa da ƙafafunsa, aka yi ta cewa barka, ya dawo lafiya. Iyakar lafiyar da ido ke gani ke nan. Da aka sallame shi daga soja sai ya samu aikin gadi a wani siton auduga a nan Gombe. Ba ya faɗa da kowa, ba ya hira da kowa. Ranar Babbar Sallah, da an kayar da rago sai ka neme shi ka rasa. Ni da nake bin sa a haihuwa, na yi aure har da 'ya'ya, shi kuwa yana nan a ɗakinsa na zaure shi kaɗai.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka cika gari, kowa yana sayen abin da ubansa bai taɓa gani ba. Wani tsohon direban tirela a unguwar Herwagana ya sayo bidiyo da talabijin mai kala, ya jera bencina a ɗaki, ya toshe taga da bargo. Daga la'asar zuwa magariba ake kallo. Ni na fara jan Hamma zuwa can, don dai ya fita ya ga mutane.

Finafinan Turawa ne aka fi sawa, irin na wani ƙato mai rufe fuska da ke bin samari da 'yan mata da wuƙa yana yanka su ɗaya bayan ɗaya. Kashi na ɗaya an kashe masa kuɗi, an yi shi da kyau, har numfashin mai gudu kana ji. Hamma bai kai rabinsa ba ya tashi ya fita. Na same shi a waje ya jingina da bango, zufa ta jiƙa masa riga. Na ce shi ke nan, na yi ɓarna, ba zai ƙara zuwa ba.

Sai ga kashi na biyu ya zo. Ina rantsuwa da Allah ban taɓa ganin shirme irin wannan ba. Ƙaton nan da aka ƙone shi ƙurmus a ƙarshen na ɗaya, ga shi ya dawo garau, ba wanda ya ce mana ga yadda aka yi. Kuɗin masu fim ɗin sun ƙare, kowa ya ga alama. Gida ɗaya ne suke ta zagayawa, su canza masa labule su ce wani ne. Jinin kamar an kwaɓa jan fenti. In an sare kai, sai ka ga roba ce tana tsalle a ƙasa. Yaran kuma wawaye ne na ƙarshe: an ce musu kada kowa ya fita, sai ɗaya ya ce bari ya je ya duba, bai dawo ba, sai na biyu ya ce bari ya je ya dubo shi.

A nan na ji abin da na yi shekaru ban ji ba. Hamma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, dubi gawar nan, numfashi take yi!" Na duba, ga cikin mutumin yana ɗagawa yana sauka. Sai Hamma ya fashe da dariya, irin ta yarintarmu, har da buga benci.

Daga ranar bai ƙara fashin kashi na biyu ko na uku ko na huɗu na kowane fim ba. In an ce sabo ne, na ɗaya, sai ya ce a kai kasuwa. Shi dai a ba shi na arahan nan. Abin da ya fi so shi ne ya gano ɗan wasan da aka yanka a na biyu ya dawo a na uku da gashin baki, wai shi ɗan sanda. Yakan ce, "Ga mutuminka can. Makon jiya aka farke masa ciki, yau ga shi yana cin burodi." In mun fito sai ya tsaya mu sha shayi, ya yi ta surutu. Har ƙiba ya yi a shekarar.

A cikin wannan sakewar ne ya ga wata bazawara mai ɗinki a unguwar Dawaki, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya. Ya kai mata wando ta rage masa, ya sake kai wani da bai buƙaci ragi ba. Ta gane, ta yi murmushi, magana ta yi nisa. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ita ta shiga tsakani, aka kai kayan gaisuwa aka karɓa. Sai bappan matar, ƙanin mahaifinta, wanda shi ne waliyyinta, ya ce a dakata a yi bincike, kamar yadda aka saba.

Wani amininsa ya tura, dattijo mai sayar da hula. Ya je masallacin unguwarmu aka ce Hamma ba ya fashin jam'i. Ya je siton auduga aka ce ko zare bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Maƙwabta suka ce ba su taɓa jin muryarsa a sama ba. Da mutumin kirki ne ai sai ya koma ya ce a ɗaura. Amma ina, shi bai ga ya yi aiki ba tunda bai samo aibu ba. Sai ya bi mu har Herwagana ya zauna a bencin bayanmu.

A ranar, kashi na huɗu ake yi. Ƙaton ya kama wata mata ya yanka, wuƙar robar ta lanƙwashe a wuyanta kowa yana gani, ita kuma tana kwance tana ƙifta ido. Hamma ya yi dariya har da hawaye. Rabin ɗakin ma sun yi. Amma mai hula mutum ɗaya ya zo gani, ya koma ya ce wa bappan, "Ana yanka mace yana ƙyaƙyata dariya." Kuma don ka ji baƙin ciki, mako na zagayowa na ga mai hular ya dawo kallo shi kaɗai, ya zauna a bencin gaba.

Na sa babbar rigata na je wurin bappan. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Bappa, ba a fahimci abin ba ne. Wasa ne na ƙarya, ba a iya ba. Jinin ba jini ba ne, gawar ba gawa ba ce. Abin da ke ba shi dariya ke nan."

Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, na ji. Shi a ina ya san na gaskiyar har yake bambancewa?"

Duk garin nan an san inda aka tura su Hamma, da rakiyar kalangu ma aka kai su tashar jirgi. Yanzu kuma shi ake tambaya.

Bappan ya ce ba zai bayar ba. Amma ita bazawara ce, tana da bakin magana, kuma tana son sa. Ta aiko Goggo da saƙo. Da hantsi Goggo ta same mu a tsakar gida, Hamma yana wanke kakinsa na gadi. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Ta ce ba ruwanta da bidiyo, kuma ta san soja yana harbi, wannan yaƙi ne. Abu ɗaya take so, saboda ɗiyarta. Ka dafa Alƙur'ani ka ce ba ka taɓa kashe wanda ba ya riƙe da makami ba. In ka yi, ta ce ita za ta ji da bappanta."

Hamma ya ci gaba da cuɗa rigar.

Goggo ta ce, "Magana nake maka, ɗan nan. Kalma ɗaya ce fa."

Ya ce, "Goggo, ba ni da alwala."

Ta tashi da kanta, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta cika buta a randa ta kawo ta ajiye a gabansa. Ni har na shiga ɗaki na ɗauko Littafin, ina riƙe da shi a cikin gafakarsa, ina addu'a a zuci ya yi ko da ƙarya ce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Ya dubi butar ya daɗe. Kumfar sabulu tana bushewa a hannunsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ki ce mata na gode. Ki ce ta yi daidai da ta tambaya."

Goggo ta tsaya tana jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta fita ta nufi Dawaki tana kuka a hanya, shi kuma ya matse rigar ya tashi ya shanya.